Aya ɗaya, fahimta biyu: ina iyakar hukuncinka a kan ɗan'uwanka?

Akwai wani ɗan masallaci a bakin layinmu a cikin garin Bauchi, irin wanda sahu uku ke cika shi, sauran jama'a su shimfiɗa tabarma a waje. Baffana ne limaminsa tun kafin a haife ni. A zaure ya yi karatu, daga Ahalari zuwa Ishmawi da Iziyya har Risala, kuma yadda malaminsa ya koya masa haka yake sallah har gobe: hannu a sake, wato sadalu. Shekarun baya ɗansa, ƙanena ke nan, ya zo hutu daga makaranta da sabon karatu a ka. Ya bi magariba a bayan mahaifinsa, ana sallamewa sai ya koma lungun masallaci ya tayar da kabbara, ya sake ta daga farko, raka'a uku cif. Jama'a na kallo, ba wanda ya ce uffan. Baffa ya ci gaba da lazimi kamar bai gani ba, amma ni da nake kusa na ga yatsunsa sun daɗe a kan ƙwayar carbi ɗaya.

Da dare na tarar da yaron a ƙofar gida. Na ce, "Kai kuwa me ya yi zafi haka?" Ya ce, "Yaya, gaskiya ɗaya ce. Hadisi ya inganta a kan ƙabalu. Wanda ya ga hadisi ya bari ya bi maganar malami, ai ka san hukuncinsa." Na ce masa ban sani ba, ya faɗa mini. Ya buɗe baki ya rufe. Kalmar tana nan a kan harshensa, amma ta yi masa nauyi ya ɗora ta a kan wanda ya haife shi.

Abin da ya cakuɗe wa ƙanena shi ne yake cakuɗe wa da yawanmu, 'yan Izala da 'yan ɗarika da waɗanda ba sa kowane ɓangare. Hukunci a kan magana daban, hukunci a kan mai maganar daban. Na farko aikin ilimi ne, malamai ba su taɓa daina yin sa ba. Na biyu kuwa yana da sharuɗɗa masu tsauri, kuma mafi yawansa ma ba a hannun ɗan Adam yake ba. Amma kafin a kai nan, sai an fara amsa wata tambaya: tunda Alƙur'ani ɗaya ne, Annabi ɗaya ne, daga ina saɓanin yake fitowa?

Mu fara da Alƙur'anin kansa. A aya ta 228 cikin Suratul Baƙara, Allah ya ce matan da aka saki su yi jiran "ƙuru'i" uku. Kalmar nan a Larabci tana nufin jinin haila, tana kuma nufin tsarkin da ke tsakanin haila biyu. Duka ma'anonin Larabawa suna amfani da su. Nana A'isha da Zaidu ɗan Sabit da Abdullahi ɗan Umar suka ce tsarki ake nufi, a kan haka Malik da Shafi'i suka tafi. Umar da Aliyu da Ibn Mas'ud suka ce haila ce, a kan haka Abu Hanifa ya tafi. Kada ka ɗauka wasan kalmomi ne: a fahimta ta farko iddar mace tana cika da zarar ta shiga jini na uku, a ta biyu sai ta gama shi. Kwanakin da ke tsakani su ne za su nuna ko miji yana da damar kome, ko za a ci gado idan ɗayansu ya rasu. Batun aure da gado ne, amma ba mu ji Aliyu ya ce Nana A'isha ta bar Alƙur'ani ba.

Haka ayar alwala, ta 6 a Suratul Ma'ida. Harafi guda, "bi" da ke cikin "bi ru'usikum", shi ya sa Malik ya ce a shafi kai duka, Shafi'i ya ce wani sashe ya wadatar, Hanafawa suka ce rubu'i. A cikin ayar dai akwai maganar shafar mata. Shafi'i ya ce fata ta taɓa fata alwala ta karye. Abu Hanifa ya ce saduwa ake nufi, an sakaya ne. Malik ya tsaya a tsakiya ya ce sai in da nufin jin daɗi ko an ji shi, wanda duk ɗalibin da ya karanta Ishmawi ya haddace. Alhazanmu suna cin karo da wannan a wurin ɗawafi, inda mutumin Indunusiya yake ta kaffa-kaffa kada ya gogi mace a cikin turmutsutsu, namu kuwa ko a jikinsa. Duk su biyun da aya ɗaya suke aiki.

Sai kuma inda lafazi yake a fili amma manufarsa ta ɗauki fuska biyu. Bayan yaƙin Ahzab, a shekara ta 5 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya ce kada kowa ya yi sallar la'asar sai a Banu Ƙuraiza. Lokaci ya riski sahabbai a hanya. Wasu suka ce umarni umarni ne, ba za su yi ba sai sun isa, ko da lokaci zai fita. Wasu suka ce abin da yake nufi a yi sauri, ba a bar sallah ta wuce ba, suka tsaya suka yi. Da aka ba shi labari bai tsawata wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Ka lura, a nan ba hadisi ne ya ɓace wa wani ba, ba kuma an yi shakkar mai ruwaya ba. Da kunnensu suka ji, daga bakin da ba ya ƙarya, a ranar. Idan waɗannan za su rabu biyu a kan jimla ɗaya, mu da muka zo bayan shekara 1,400 da ɗoriya, da Larabcin da muka koya a aji, me zai sa mu yi mamakin saɓani?

Wani dalilin kuma mai sauƙi ne: hadisi ya kai ga wani, bai kai ga wani ba. Abu Musa ya yi sallama sau uku a ƙofar Umar, bai ji amsa ba ya juya. Umar ya nemi dalili, ya ce haka Manzon Allah (SAW) ya koyar. Umar ya ce ya kawo shaida, Abu Sa'id ya zo ya tabbatar. Sai Umar ya ce hada-hadar kasuwa ce ta shagaltar da shi har wannan ya wuce shi. Umar fa! 'Yan kasuwar Wunti da Muda Lawal sai su ji daɗi, ba su ne farau ba. Sahabbai sun watsu a Kufa da Basra da Sham da Masar, kowa da abin da ya ji. Abu Hanifa ya rasu a shekara ta 150 bayan hijira, Malik a 179, Shafi'i a 204, Ahmad a 241. Bukhari kuwa a 194 aka haife shi, shekara 15 bayan rasuwar Malik. Littattafan da yau yaro zai buɗe a waya cikin minti ɗaya, a lokacin sai an yi tafiyar watanni a kan raƙumi kafin a tara abin da ke cikinsu. Ko bayan hadisi ya iso, ana iya saɓawa a kan ingancinsa, ko a kan wanda ya shafe wani, ko a kan yadda za a haɗa shi da wani nassin.

To mu dawo kan hannun Baffa. Ƙanena bai yi ƙarya ba, hadisin ɗora dama a kan hagu ingantacce ne, kuma Malik da kansa ya kawo shi a Muwaɗɗa. Amma a Mudawwana, Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga Malik cewa bai so a yi hakan a sallar farilla ba, kuma wannan ruwayar ce ta yi rinjaye a wurin Malikawan Afirka ta Yamma. Malaman mazhabar sun yi ta bayanin dalili, wasu suka ce don kada a mayar da shi abin dogarawa, wasu suka ce don kada jama'a su ɗauka wajibi ne. Ni da nake rubutun nan ƙabalu nake yi, kuma ina ganin hujjarsa ta fi ƙarfi. Sai dai mazhabobin nan huɗu babu wadda ta ce sallar mai sakin hannu ta ɓaci. Iyakarta a ce ya bar mustahabbi ko sunna. Saboda haka magaribar da ƙanena ya sake, babu limami ɗaya cikin huɗun da ya umarce shi.

Akwai ma wani abin dariya a tarihin. Yaron yana ɗaukar ƙabalu tambarin 'yan sunna ne, sadalu kuma na 'yan ɗarika. Alhali tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ne suka yaɗa ƙabalu a Arewa, suka sha tsangwama a kansa a shekarun 1950 da 1960, har aka yi ta rigima a masallatai, musamman a lardin Sakkwato. Shehu Ibrahim ya rubuta littafi sukutum yana kare masu ƙabalu, sunansa ya fara da Raf'ul Malam, wato ɗauke zargi. Ibn Taimiyya ma, wanda ɗaya ɓangaren ke ji da shi, yana da nasa Raf'ul Malam ɗin, inda ya jero uzurorin da ke sa babban malami ya saɓa wa hadisi ba tare da ya zama abin zargi ba. Kowane ɓangare yana da littafin ɗauke zargi a kan kantarsa, karantawa ce dai ta yi wuya.

Nan zan ɗan tsaya, domin masu son sulhu ma suna da nasu zamewar. Maganar nan da ake yawan ja a wa'azi, wai saɓanin al'ummata rahama ne, malaman hadisi sun ce ba ta da isnadin da za a jingina ta ga Annabi (SAW). Ba ma buƙatarta. Abin da ya inganta ya ishe mu: mai hukunci idan ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, idan ya kuskure yana da ɗaya. Hadisin bai ce kowa ya dace ba. Ya ce akwai daidai akwai kuskure, amma mai kuskuren da ya yi iya ƙoƙarinsa lada zai samu, ba zunubi ba. Kuma ba kowace magana ce ake kira saɓani ba. Wanda ya ce salloli uku ne, ko giya halal ce, ko akwai annabi bayan Annabi Muhammadu (SAW), ba fahimta ya zo da ita ba, ƙaryata nassi ya yi.

Na san abin da mai karatu mai kaifin hankali zai ce. Zai ce, malam, ka zaɓi masu sauƙi. Wa yake faɗa a kan shafar kai? Rigimarmu a Bauchi da Gombe a kan Maulidi ce, da tawassuli, da wazifa, da abin da ɓangare ɗaya yake kira aƙida. Gaskiya ne, kuma ba zan yi kamar duk nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya yi imani abu bidi'a ne dole ya faɗa, wanda ya ga ana taɓa tauhidi ba za a ce ya kama bakinsa don a zauna lafiya ba. Sai dai a duba yadda magabata suka yi da waɗannan ɗin ma. Fakihani, Bamalike ne, ya yi inkarin Maulidi. Ibn Hajar da Suyuɗi suka halatta shi idan babu saɓo a ciki. Ibn Taimiyya ya ce ƙirƙirarren abu ne, amma a wuri guda ya ce wani zai iya samun lada mai yawa a kansa saboda kyakkyawar niyyarsa da girmama Manzo. Tawassuli da Annabi a cikin addu'a, Ibn Taimiyya ya hana, Shaukani ya halatta, kuma littattafan su biyun suna jere a ɗakin karatun malami ɗaya. Waɗannan mutane sun yi wa juna raddi mai zafi. Abin da ba su yi ba shi ne rarraba tikitin wuta.

Ko a inda magana ta kai a ce kafirci ce, malamai sun bambance tsakanin a ce "wannan maganar kafirci ce" da a ce "wane kafiri ne". Kafin a tsallaka daga ta farko zuwa ta biyu sai an tabbatar mutum ya san abin da yake faɗa, da gangan ya faɗa, ba tilasta shi aka yi ba, ba kuma wani tawili ne ya rufe masa ido ba, sannan an tsayar masa da hujja ya gane ya ƙi. Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin mutumin da raƙumarsa ta ɓace a daji da guzurinsa, ya fid da rai, sai ga ta. Don murna ya ce, ya Allah kai ne bawana ni ne ubangijinka. Lafazi ba ya wuce wannan muni, amma aka ce kuskure ya yi saboda tsananin farin ciki. Da a yau ne, an yanko daƙiƙa goma ɗin nan an watsa a Facebook da TikTok, kafin isha'i an gama yi masa hukunci. Usama ɗan Zaidu kuwa ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan ya yi kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi. Kowa a wurin zai iya zato irin nasa. Amma Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaitawa har Usama ya yi fatan a ce ranar ya musulunta.

Da yawa masu jefa kalmar nan ba su san abin da take ja ba. A fiƙihu, idan ka ce mutum ya fita daga Musulunci, ka ce aurensa ya warware, ba a cin yankansa, ba ya gadon Musulmi, ba a yi masa sallar gawa, ba a kai shi maƙabartar Musulmi. Wannan na lissafa wa ƙanena a daren nan, ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "To Inna fa, zaman me take yi a gidan nan? Ragon layyar da Baba ya yanka bara, ai har da kai aka ci." Ya ce shi ba haka yake nufi ba. Na san ba haka yake nufi ba, ai matsalar ke nan. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ga kuma gargaɗin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar sai ta koma kan ɗayansu. Wani kuma ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, Allah ya ce wane ne wannan da yake rantsuwa a kaina, na gafarta masa, kai kuma na ɓata aikinka.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin inda hanyar take ɓullewa ba. Khawarijawa da aya suka kafirta Sayyidina Aliyu, suna cewa babu hukunci sai na Allah, ya ce musu kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Mutanen Gombe ba su manta da abin da 'yan Maitatsine suka yi a unguwar Pantami a watan Afrilun 1985 ba. Mu kuma a Bauchi aka fara jin harbin Boko Haram a watan Yulin 2009, kafin wutar ta kama Maiduguri. Ba ina cewa duk mai zafin wa'azi can zai ƙare ba, Allah ya kiyaye, malaman Izala da na ɗarika duka sun yi musu raddi, duka kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. Amma da suka tashi, ba su tambayi kowa ƙabalu yake yi ko sadalu ba. Duk wanda bai bi fahimtarsu ba kwando ɗaya suka zuba shi.

Abin takaici, wannan faɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya yi shi, shi da ya ba Malam Yakubu tutar da aka kafa garin nan da ita. A zamaninsa an yi wasu ɗalibai masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi yadda malaman ilimin kalam suka tsara ba. Shehu ya yi ta rubutu yana yi musu raddi. Malaminsa Jibrilu ɗan Umar, wanda yake matuƙar girmamawa, ya karkata ga kafirta mutane da manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa a rubuce, bai kuma daina yabonsa ba. Ƙaninsa Abdullahi na Gwandu ya tsananta a kan kaɗe-kaɗe da tufafin ado da laƙabin sarauta, Shehu ya sassauta, yana nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a yi wa mutane inkarinsa kamar wanda aka haɗu a kan haramcinsa. Wa da ƙani, kowa ya rubuta nasa, jama'a ɗaya suke ja.

Akwai mai cewa to shi ke nan, kowa ya yi abin da ya ga dama? A'a. Ka yi karatu, ka bi abin da ka ga ya fi ƙarfi, ka karantar da shi, ka ce wa ɗan'uwanka ina ganin ka yi kuskure ga dalilina. Ibn Mas'ud bai yarda da cika sallah raka'a huɗu a Mina ba, ya kuma faɗa a fili, amma da Usman ya ja sallar ya bi shi ya yi huɗun. Da aka tambaye shi ya ce rarrabuwa sharri ce. Bai canza ra'ayi ba, bai kuma fita daga sahu ba. Halifan Abbasawa ya so ya ɗora wa daula duka Muwaɗɗa, Malik da kansa ya hana, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya isa gare su. Mai littafin ke nan. Mu kuwa ɗan guntun karatu muka saurara a waya muna kan acaɓa, mun sauka muna neman wanda za mu gwada shi a kansa, kuma galibi na gida ne ya fi kusa.

Ƙanena bai ba Baffa haƙuri da baki ba, irin yaran nan ba su iya ba. Washegari da asuba dai ya bi sallah, aka sallame ya zauna har aka shafa. Yanzu gwiwa ta hana Baffa tsayuwa, yaron ne yake jan sallah, hannu a ƙirji, tsohon yana bayansa a kan kujerar roba. Maulidi kuwa har yau ba su daidaita ba, kuma ban ga alamar za su daidaita ba. Duk ranar 12 ga Rabi'ul Awwal Baffa yakan sa farar babbar rigarsa ya fesa turare, ƙanena ya ɗauke shi a mashin ya kai shi ƙofar gidan malaminsu. Ba ya shiga. Yakan ce, "Baba, ƙarfe nawa zan dawo?" Baffa ya ce, "In ka ji an fara rabon abinci."